Haɗa kwamfuta biyu ta VPN: yadda ake yi, da inda aikin ke cijewa

Yawancinmu a Najeriya mun san kalmar VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter. Cikin kwana biyu aka yi ta sauke manhajoji a waya, mutum ya taɓa maɓalli ɗaya, wayar ta nuna kamar yana Jamus ko Amurka, shafin da aka toshe ya buɗe. Har zuwa Janairun 2022 da aka ɗage dakatarwar, abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne VPN dabara ce ta tsallake shinge. Tana yin wannan aikin, babu musu, amma ba don shi aka ƙirƙiro ta ba. Tun a shekarun 1990 kamfanoni ke amfani da ita domin ma'aikacin da ke nesa ya shiga kwamfutocin ofis kamar yana zaune a kujerarsa. Wannan aikin na asali nake so mu warware, a mafi ƙanƙantar siffarsa: kwamfuta biyu, ɗaya a nan ɗaya a can, a haɗa su su riƙa magana ba tare da na tsakani ya ji abin da suke faɗa ba.

A ce kana da shago a Kantin Kwari. Kwamfutar da ake shigar da lissafin kaya da sunayen masu bashi tana can kan teburin shago, kai kuma kana gida da dare, ko ka tafi Legas saro kaya, kana so ka buɗe lissafin daga kwamfutarka ta hannu. Shawarar da za ka fara ji ita ce a buɗe wa kwamfutar shagon ƙofa ta intanet kai tsaye. Kowace hidima a kwamfuta tana da lambar ƙofar da take sauraro a kai. Sarrafa Windows daga nesa yana bi ta ƙofa ta 3389, raba fayil yana bi ta 445. Ina roƙonka kada ka buɗe su. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai zagaye adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna taɓa waɗannan ƙofofi, duk wadda suka samu a buɗe su hau gwada kalmomin sirri. Cutar kwamfuta ta WannaCry da ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Birtaniya, ta ƙofar 445 ta riƙa shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shago ƙarami ba ya tsira don ƙanƙantarsa, tunda na'urar da ke bincike ba ta san girman shago ba, adireshi kawai take gani.

Abin da VPN ke yi shi ne ta ƙaga wa kowace kwamfuta wani katin sadarwa na ƙarya, wanda babu shi a jikin na'urar, amma manhajojin da ke ciki suna ɗaukarsa tamkar waya ce aka jona. Ana ba wannan kati adireshinsa. Duk saƙon da aka tura ta cikinsa, manhajar VPN za ta karɓa ta dagula shi da lissafi yadda ba mai iya karantawa, ta saka shi cikin wani ƙunshin na waje, ta rubuta adireshin intanet na ɗaya kwamfutar a bayansa. Wasiƙa ce cikin ambulan. Kamfanin da ke ba ka intanet yana ganin ambulan na wucewa, ya san daga inda ya fito da inda za shi da nauyinsa, amma bai san abin da ke ciki ba. Idan ya isa, manhajar can ta buɗe, ta tabbatar ba a taɓa shi a hanya ba, ta miƙa wa kwamfutar wasiƙar kamar daga ɗaki na kusa ta fito.

Hanyoyin yin wannan suna da yawa, kuma ba duka ne suka cancanci lokacinka ba. Mafi tsufa da za ka ci karo da ita a tsofaffin bayanai ita ce PPTP, wadda Microsoft da abokan hulɗarsa suka fitar a shekarun 1990. Tana da sauƙin saitawa, shi ya sa har yau wasu ke koyar da ita, amma a 2012 masanin tsaro Moxie Marlinspike ya nuna a bainar jama'a yadda ake fasa tsarin tantance kalmar sirrinta, kuma a 2016 Apple ya cire ta daga iPhone da Mac. A bar ta. Akwai IPsec, ingantacciya ce, manyan kamfanoni na amfani da ita, sai dai saitinta na da sarƙaƙiya. Akwai OpenVPN da James Yonan ya fitar a 2001, ita ma amintacciya ce, amma yawanci sai ka kafa tsarin takardun shaida kafin ka fara. Ga kwamfuta biyu kacal, ni WireGuard nake zaɓa. Jason Donenfeld ne ya rubuta ta, ta shiga cikin ƙashin bayan Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a fitowa ta 5.6 a watan Maris na 2020, kuma tana da manhaja ta kyauta a Windows da Mac da Android da iPhone. Abin da ya ja hankalin masana gare ta shi ne ƙanƙanta: layukan umarninta na asali kusan 4,000 ne, abin da mutum ɗaya zai iya zama ya karance ya nemo kuskure. Fayil ɗin saitinta ma da ƙyar ya wuce layi goma.

A WireGuard babu sunan shiga, babu kalmar sirri. Makullai ne. Kowace kwamfuta tana ƙera wa kanta makulli biyu masu alaƙa da juna: na sirri, wanda ba ya barin cikinta har abada, da na fili, wanda ake lissafo shi daga na sirrin kuma ake iya ba kowa. Daga na sirri zuwa na fili lissafi ne na ƙiftawar ido, amma komawa baya daga na fili zuwa na sirri ya fi ƙarfin duk kwamfutocin da ake da su a yau. Idan kwamfutar shago ta haɗa makullinta na sirri da na filin kwamfutar gida, ita ma ta gida ta haɗa nata na sirri da na filin ta shago, dukansu za su tsaya kan amsa guda, alhali amsar ba ta taɓa bi ta waya ba. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka bayyana wannan hikima a 1976, kuma nau'in lissafin da WireGuard ke amfani da shi, Curve25519, aikin Daniel Bernstein ne, kamar yadda ChaCha20 da ke dagula saƙon shi ma nasa ne.

A Linux ana ƙera makullan da umarni guda:

wg genkey | tee sirri | wg pubkey > fili

Za ka samu fayil biyu, kowanne ɗauke da jerin haruffa 44 da ke ƙarewa da alamar daidai. A Windows, cikin manhajar WireGuard akwai zaɓin da aka rubuta Add empty tunnel, da ka danna za ta ƙera maka duka biyun. Abin da za ku yi musaya na fili ne kawai, kuma babu laifi ka tura shi ta WhatsApp. Na sirri kuwa, kowace kwamfuta ta ƙera nata a cikinta. Ɗabi'ar da nake yawan gani ta mai gyara ya ƙera duk makullai a kwamfutarsa ya rarraba wa mutane ba ta da kyau, domin ya zama yana riƙe da kwafin makullin gidan kowa, ko da niyyarsa alheri ce.

Fayil ɗin saiti, wanda a Linux ake ajiye shi a /etc/wireguard/wg0.conf, sassa biyu gare shi. Na farko yana bayanin kwamfutar kanta, kansa kalmar Interface ce cikin baka mai kusurwa. Na biyu yana bayanin abokiyar maganarta, kansa kalmar Peer, ita ma cikin irin wannan baka. A kwamfutar shago, ƙarƙashin sashen farko:

PrivateKey = makullin sirrin kwamfutar shago
Address = 10.8.0.1/24
ListenPort = 51820

Ƙarƙashin sashe na biyu:

PublicKey = makullin filin kwamfutar gida
AllowedIPs = 10.8.0.2/32

A kwamfutar gida ana juya abin. Sashen farko ya ɗauki makullin sirrinta da adireshi 10.8.0.2/24. Sashe na biyu kuma:

PublicKey = makullin filin kwamfutar shago
AllowedIPs = 10.8.0.1/32
Endpoint = adireshin intanet na shago:51820
PersistentKeepalive = 25

Sai a tayar da kowane ɓangare da wg-quick up wg0, ko a danna maɓallin kunnawa a Windows. Adireshin nan masu farawa da 10 ba haka kawai na zaɓe su ba. Tun 1996 aka ware wasu rukunai uku don amfanin cikin gida, masu farawa da 10, da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 zuwa 172.31, ba sa yawo a intanet, kowa na iya amfani da su a gidansa. Sharaɗin kawai shi ne rukunin da ka ba VPN ya bambanta da wanda rautar shago da ta gida, wato akwatin da ke ba na'urori intanet, ke rabawa. Yawancin rauta suna zuwa da 192.168.0 ko 192.168.1, ƙananan modem na Huawei da yawa kuma 192.168.8, don haka ka kauce musu.

Layin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne AllowedIPs, domin kusan duk ruɗanin masu fara koyo daga nan yake tasowa. Aiki biyu yake yi lokaci guda. Wajen fita, yana gaya wa kwamfutar cewa duk saƙon da za shi wannan adireshi, a rufe shi da makullin wannan abokiya a tura mata. Wajen shigowa kuma mai tantancewa ne: ko da saƙo ya zo da makulli na gaskiya, idan adireshin da wasiƙar ciki ta ce daga shi ta fito ba ya cikin jerin, sai a yar da shi ba tare da an ce uffan ba. Wato makulli da adireshi a ɗaure suke da juna. Shi ya sa abin da kake rubutawa a wurin adireshin ɗaya ɓangaren ne, ba naka ba. Mutane da yawa suna rubuta nasu, su wuni suna neman inda matsala take.

Lambar da ke bayan sandar nan kuma tana nuna faɗin abin da ake nufi. Adireshi yana da ɗigo 32 a lissafin kwamfuta, saboda haka /32 na nufin wannan adireshi shi kaɗai. /24 na nufin lambobi ukun farko a kafe suke, ta ƙarshe ce ke canzawa, adireshi 256 ke nan. Idan kuwa ka rubuta 0.0.0.0/0, ka ce duk duniya, duk abin da kwamfutar gida za ta buɗe a intanet sai ya bi ta shago. Wannan shi ne abin da manhajojin zamanin rufe Twitter suke yi, sai dai su sabar kamfani ce a wata ƙasa, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima a intanet, ke ɗaya ƙarshen. Ga buƙatarmu babu dalilin haka, zai cinye datar shago, kuma idan ba a saita kwamfutar shago ta riƙa miƙa saƙo gaba ba, intanet ɗin gida zai ɗauke gaba ɗaya da zarar ka kunna.

Duk wannan aikin rabin sa'a ne. Inda abin ke cijewa shi ne layin Endpoint, wato tambayar wa zai iya ƙwanƙwasa ƙofar wa.

Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne gaba ɗaya, kuma hukumar da ke raba su a matakin duniya ta ba da rukunanta na ƙarshe a watan Fabrairun 2011. Tun kafin nan aka ɓullo da dabarar da ake kira NAT, inda gida ɗaya ke da adireshi ɗaya a waje, duk na'urorin ciki kuma su ɓuya a bayansa. Ka ɗauki rautarka a matsayin yaron da ke zaune a zaure. Idan wani daga cikin gida ya aike shi, yana riƙe da wanda ya aike shi, amsa na dawowa zai kai masa. Amma idan baƙo ya yi sallama haka kawai, ba wanda ya aika a kira shi, yaron bai san ɗakin wa zai kai shi ba, sai ya ƙyale shi a waje. Kwamfutar gida da ke neman ta shago baƙuwa ce a wannan zaure. Maganin shi ne ka shiga saitin rautar shago ka ba yaron umarni tun da wuri: duk wanda ya zo ta ƙofa ta 51820, kai shi wurin kwamfuta kaza. A kula, manyan salon aika saƙo a intanet biyu ne, UDP da TCP, WireGuard kuma da UDP take aiki, ba TCP ba, don haka wajen cike wannan umarni UDP za ka zaɓa. Kuma ka sa rautar ta riƙa ba kwamfutar shago adireshin ciki guda ɗaya kullum, kada gobe ta canza mata ɗaki yaron ya kai baƙo inda ba kowa.

Wannan yana aiki ne idan zauren naka yana kallon titi. A wajenmu, inda mafi yawan shaguna da gidaje da layin waya suke shiga intanet, ko ta modem mai sim ko ta raba data daga waya, yawanci ba ya kallon titi. Kamfanonin sadarwa ba su da adireshin da zai ishi miliyoyin masu layi, sai su ma suka kafa nasu babban zauren a gaban naka, mutane masu yawa suna fita ta adireshi ɗaya. Ana kiran wannan CGNAT, har an ware masa rukunin adireshi na musamman a 2012, daga 100.64 zuwa 100.127. Kana iya ba yaron zaurenka duk umarnin da kake so, amma baƙon ba zai ma iso gare shi ba, mai gadin ƙofar unguwa ya riga ya mayar da shi, kuma wannan mai gadin ba ya karɓar umarni daga gare ka. Starlink ma, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, haka yake yi wa masu tsarin gida na yau da kullum a ɓangaren IPv4.

Kafin ka ɓata lokaci, ka gwada. Shiga shafin saitin rautar shago ka duba adireshin da kamfani ya ba ta ta ɓangaren waje. Sannan ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi. Idan biyun sun zo ɗaya, ka yi sa'a, zaurenka na bakin titi. Idan sun saɓa, musamman in na rautar ya fara da 10 ko yana cikin rukunin 100.64 ɗin nan, to kana bayan babban zaure. Wannan gwaji na minti biyu ya kamata ya zo kafin ƙera makulli ma. Ɓangare ɗaya kawai ake buƙata ya zama mai samuwa. Idan gida ne ke da adireshin fili ba shago ba, sai a juya: gida ya saurara, shago ya riƙa nema.

Idan duka biyun a ɓoye suke fa? Kana iya tambayar kamfanin da ke ba ka intanet ko yana sayar da adireshin fili, wasu suna yi, galibi ga masu tsarin kasuwanci. Idan duka ɓangarorin suna samun sabon tsarin adireshi na IPv6, wanda ba shi da wannan ƙaranci, suna iya samun juna kai tsaye muddin katangar tsaron rauta ta bari. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a kawo na uku: ka yi hayar ƙaramar saba a intanet mai adireshin fili, ka sa mata WireGuard, shago da gida kowa ya neme ta daga ciki. Tunda su ne suka aika, masu gadi za su bar amsa ta dawo. A sabar za ka rubuta sashen Peer biyu, ɗaya na shago ɗaya na gida, ka kunna mata miƙa saƙo da net.ipv4.ip_forward=1, a kwamfutocin biyu kuma AllowedIPs ya zama 10.8.0.0/24 don kowacce ta san ta saba za ta bi ta iske 'yar'uwarta. Sai dai a san abin da aka saya. A wannan tsari sabar tana buɗe ambulan ta sake rufewa kafin ta miƙa, don haka duk wanda ya mallake ta yana iya ganin abin da ke wucewa idan ba a rufe shi da wani rufin na daban ba. Sannan idan sabar tana Turai, saƙo daga Fagge zuwa Kantin Kwari sai ya je can ya dawo, za ka ji nauyin hakan a motsin linzami.

Akwai kuma manhajoji irin su Tailscale, wadda aka gina kan WireGuard, da ZeroTier mai nata tsarin. Dabararsu ta burge ni. Sabarsu tana gaya wa kowace kwamfuta inda ake ganin ɗayar daga waje, sai su biyun su aika wa juna saƙo a lokaci guda. Kowane mai gadi ya ga saƙo ya fita daga cikin gidansa, sai ya ɗauki na ɗayan da ke shigowa a matsayin amsa, ya buɗe. Idan masu gadin sun yi tsauri dabarar ta ƙi, saƙon yakan bi ta sabar kamfanin, a rufe yadda su ma ba sa iya karantawa. Ga mai shagon da ba ya son shiga saitin rauta, wannan ce shawarata ta gaskiya. Abin da ka bayar a madadin sauƙin shi ne amana: kamfanin ne ke rarraba makullan fili, kuma asusun da ka shiga da shi ya zama makullin komai, don haka a tsare shi da tantancewa mai mataki biyu.

Nan ne amfanin layin PersistentKeepalive ke fitowa. Yaron zaure mai mantuwa ne. Idan aka ɗan jima babu abin da ya wuce, sai ya share sunan wanda ya aike shi, hanya ta toshe daga waje. WireGuard kuma shiru take yi idan ba ta da abin faɗa. Wannan layi yana sa ta tura ɗan ƙaramin saƙo fanko duk daƙiƙa 25 don kada a manta da ita. Duk kwamfutar da ke bayan zaure, kuma ake so a riƙa samunta, tana buƙatarsa. Masu tsoron data su kwantar da hankali, abin da yake ci bai kai megabait ɗaya a yini ba.

Idan ka kunna abu bai yi ba, kada ka hau canza komai da komai. Rubuta wg show ka nemi layin latest handshake, wato lokacin musafaha ta ƙarshe tsakanin kwamfutocin. Suna sabunta musafahar kusan duk minti biyu muddin ana magana, suna canza makullan wucin gadi. Wannan layi ya raba matsaloli gida biyu. Idan babu shi sam, ambulan ba ya isa ko makulli bai dace ba: duba Endpoint, duba umarnin rauta, duba katangar tsaron kwamfutar shago ko ta bar UDP 51820, duba ko ka musanya makullin fili da na sirri. A nan shirun WireGuard yana wahalar da mai gyara, domin da gangan aka gina ta kada ta amsa wa wanda bai zo da makullin da ta sani ba. Mai bincike daga waje ba zai ma san akwai ta a wurin ba. Wannan shirun shi ne tsaron da ka zo nema, amma yana nufin ba za ta ce maka ga kuskurenka ba. A Windows ma kana iya ganin ta nuna a kunne alhali ba ta taɓa gaisawa da kowa ba.

Wani dalilin rashin musafaha da ba a cika tunawa da shi ba shi ne agogo. Kowace musafaha tana ɗauke da lokacin da aka aiko ta, kuma mai karɓa ba ya yarda da wadda lokacinta ya gaza na wadda ya karɓa a baya, don kada wani ya naɗi tsohuwar gaisuwa ya sake turawa. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikin allonta ya mutu, da an ɗauke wuta agogonta ke komawa shekarun baya. Jiya tana aiki, yau an kawo wuta ta ƙi. Gyara agogon, ka sayi batirin, CR2032 ne a yawancinsu.

Idan kuwa akwai musafaha amma ping 10.8.0.1, umarnin da ke gwada ko kwamfutar shago za ta amsa, ba ya dawowa, hanya ta buɗe, matsalar tana ciki. Koma kan AllowedIPs na ɓangarorin biyu. In daidai suke, to katangar tsaron Windows ce, wadda sau da yawa ke ɗaukar sabon katin a matsayin hanyar waje ta ƙi amsa ping da raba fayil. Kada ka kashe katangar gaba ɗaya, ka rubuta mata doka ta bar 10.8.0.2 kawai. Ka kuma sani Windows nau'in Home ba ya karɓar sarrafawa daga nesa ta ƙofar 3389, sai Pro zuwa sama.

Akwai wata matsalar mai ɗaure kai: ping yana tafiya, ƙananan abubuwa na buɗewa, amma da ka ɗauko babban fayil sai komai ya sandare. Girman ƙunshi ne. Hanyar sadarwa ta yau da kullum tana ɗaukar ƙunshi mai bait 1500, ambulan na WireGuard yana cin har 80, shi ya sa ake barin 1420. Wasu layukan ba sa ɗaukar 1500 ɗin cikakke, sai manyan ƙunshi su maƙale ƙanana su wuce. Ƙara layin MTU = 1280 a sashen farko na kowane ɓangare, in ya warware sai ka riƙa ɗagawa a hankali.

Adireshin filin shago ma yana iya canzawa duk lokacin da rauta ta mutu ta tashi. Ana magance wannan da hidimar DDNS, wadda ke ba ka suna tsayayye da ke bin adireshin duk inda ya koma, sai ka rubuta sunan a Endpoint. Amma WireGuard sau ɗaya take duba sunan, lokacin da aka tayar da ita. In adireshin ya canza tana kunne, sai ka kashe ka kunna a ɓangaren gida. Canjin adireshin mai nema kuwa ba ya damunta ko kaɗan: ka tashi daga wayafai na gida ka koma datar waya, da saƙonka na gaba ya isa da makullinsa, kwamfutar shago za ta gane sabon wurinka ta ci gaba.

Saura wuta. Duk wannan gini a kan kwamfutar shago yake, idan ta mutu babu wanda za ka gaisa da shi. Hana ta yin barci a saitin wuta. A BIOS na yawancin kwamfutocin tebur, wato saitin da ake shiga kafin Windows ko Linux su tashi, akwai zaɓin ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, kunna shi. A Linux, systemctl enable wg-quick@wg0 zai sa VPN ta tashi tare da kwamfutar, a Windows kuma in ka bar ta a kunne takan dawo da kanta. Rauta da modem su ma a sa su kan inbata ko batiri. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ka kama hanyar Legas, zauna a shagon, jona kwamfutarka ta hannu da datar wayarka maimakon wayafai na shago, ka gwada shiga. Sannan ka zare wutar komai, ka mayar, ka ga ko za su tashi su gaisa ba tare da ka taɓa komai ba.

Tunda makulli ne shaidar shiga, duk wanda ya ɗauki kwamfutarka ta hannu a buɗe ya shiga shagonka. Sa mata kalmar sirri mai ƙarfi, ka rufe faifanta da BitLocker ko makamancinsa, kwamfutar shago ma kada ka cire mata tata kalmar sirrin don kana ganin VPN ta isa. Idan za ka ƙara wani, ɗanka ko akawun shago, kowa da nasa makulli, da nasa adireshi, 10.8.0.3, 10.8.0.4, da nasa sashen Peer, ka rubuta sunan mai shi a saman sashen bayan alamar #. Kwamfuta biyu da makulli ɗaya za su yi ta ƙwace wa juna hanya, kuma ba za ka san wa ya shiga ba. Ranar da aka sace kwamfuta ko akawu ya bar aiki, ka buɗe fayil ɗin shago, ka goge sashensa, ka sake tayar da wg0. Daga wannan lokacin kwamfutar shago ba za ta ƙara amsa wa makullinsa ba.